Ranar da Ƙwai Ya Koma Cikin Ɓawonsa

Ba zan taɓa mantawa da dariyar da na yi a Gwaram ba. Ita ce dariya mafi ƙarfi da na taɓa yi a rayuwata, ni kaɗai na yi ta, kuma da lasifika na yi ta, don kada wani ya ce bai ji ba.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare ta kwana a Birnin Kudu. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara shigowa, kowane ma'aikacin gwamnati na mafarkin sabon babur. Ni kuwa ban daɗe da dawowa gida ba. Tun ina saurayi na bi kawuna fataucin goro zuwa Kumasi, daga can na gangara bakin teku na yi akawu a tashar jiragen ruwa, wata rana na bi jirgin har ƙasar Turawa, na zauna a Kartum, na yi wa alhazai tafinta a Jidda. Na dawo da harsuna biyar a baki, da malafar Turawa a ka, da wata cuta da ban san na ɗauko ba: ba na iya ganin abu ban gwada shi da na wata ƙasa ba. In aka kawo mini shayi, na Kartum ya fi kauri. In aka yi ruwan sama, ai wannan yayyafi ne in ka ga na Kumasi. Kowace magana tawa da "a can" take farawa, har ɗalibai suka raɗa mini Malam A-Can. (Na yi shekara ban san da sunan ba. Da na ji kuma, na ɗauka yabo ne.)

To, sai hedimasta ya shirya wa 'yan aji biyar tafiyar kwana uku zuwa Gwaram, su ga duwatsu da fadamu da yadda ake haƙa rijiya, abubuwan da nake zana musu a allo. Kada ka ji "ɗalibai" ka ɗauka yara ne. Samari ne, wasu sun fi ni tsawo, biyu daga ciki suna aske gemu a ɓoye. Wata biyu ya rage su zauna jarrabawar fita, duk sun rame da karatu, kuma kowa ya san wannan ce fitarsu ta ƙarshe tare kafin a watse. Don haka hedimasta ya yi musu alkawarin majigi a ranar ƙarshe. Ba irin wanda aka saba kawowa ba, na yadda ake haƙa masai ko tace ruwan sha. Fim na nishaɗi, wanda za su yi dariya su manta da littafi ko na awa ɗaya ne.

Ya kira ni ofis ya ce, "Malam, kai ka ga duniya, kai za ka zaɓo mana. Sharaɗina uku: ba rungume-rungume, ba mata da guntun kaya, ba harbe-harbe. Mai Gari zai zauna a wurin, kada ka kunyata ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗauka an gama."

Da yamma sai ga monitan ajin a ƙofar gidana, shi da abokansa uku. Sale sunansa, ɗan Kwandiko, dogo, marar hayaniya, irin yaron da in ya yi magana aji ke yin tsit. Suka gaida ni, suka durƙusa.

Sale ya ce, "Malam, mun ji kai za ka zaɓo fim. Don Allah na Indiya."

"Kuna jin Indiyanci ne?"

Wani daga baya ya ce, "Ba ma ji, Malam, amma tun daga farko muna gane wanda zai mutu."

"Awa uku kuna kallon mace na zagaya bishiya tana waƙa, a ƙarshe ku fito kuna share majina. Ni dariya aka ce in kawo."

"To na kaboyi."

"Hedimasta ya hana bindiga."

"To wanda ake dambe da ƙafa."

"Don ku karya wa juna haƙarƙari ga jarrabawa na tafe?"

Sai na gyara zama, na yi musu lacca. Na ce akwai wani fim da na gani sau huɗu a ƙasashe huɗu. A can Kumasi mutane faɗowa suka riƙa yi daga benci. A can Kartum na ga wani dattijo ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Turawa ma, da ba sa dariya sai ta hanci, na ga suna share hawaye. Babu magana a cikinsa ko ɗaya, sai kiɗa, don haka ba ya bukatar yare. Na ɗaga yatsa na ce, "Dariya iri ɗaya ce a duk duniya. Ni na zagaya, na gani."

Sale ya ce a hankali, "In mu ba mu yi ba fa, Malam?"

A nan mai hankali zai ce Allah ya sa ku yi, ya sallame su. Ni kuwa sai na ce, "In ba ku yi dariya ba, da hannuna zan wanke tukwanen Inna Tabawa."

Inna Tabawa ita ce babbar mai dafa abincin makaranta, da ita za a yi tafiyar. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai murya kamar ta mutum uku, kuma tukwanenta biyu na ƙarfe, kowace ƙato zai iya shiga ya yi wanka. Yaran suka dubi juna. Sale ya ce, "Mu huɗu shaidu ne, Malam." Kafin sallar isha duk makaranta ta zama shaida.

Ranar Asabar muka tafi Kano ɗauko fim, ni da Malam Haladu mai injin majigi. Dattijo ne gajere, kullum da goro a baki, ya yi shekaru yana yawo da Landiroba ƙauye-ƙauye yana haska wa manoma majigi. A hanya na tambaye shi iyakar inda ya taɓa zuwa, ya ce Zariya. (Na tuna na ji tausayinsa. Allah ya yafe mini.) Muka shiga ɗakin da ake ba makarantu aron fim, gwangwanayen fim jere a kan kanta har rufi. Na yi ta bincike, ƙura na shiga mini hanci, har Allah ya haɗa ni da abokina na Kumasi. Na ɗaga shi sama kamar na tsinci ɗan'uwa a tashar mota.

Malam Haladu ya karɓa, ya juya gwangwanin, ya dubi lambar da ke jiki. Ya ce, "Na san wannan, Malam. Na taɓa haska shi a kulob ɗin ma'aikata."

"Sun yi dariya?"

"Sun yi. Sai dai akwai wurin abincin nan..."

"Ai shi ne zuciyar fim ɗin!"

"Haka ne. Amma bana..."

"Malam Haladu, kai dai ka kula da injinka. Zaɓe nawa ne."

Ya ce, "To, Malam." Ya ɓantari goro. (Tun daga ranar, duk dattijon da ya ce mini "To, Malam" da sauri haka, komawa nake in sake tunani.)

Bari in faɗa maka abin da yake nufi da "bana". Damina ta yi gardama shekara biyu a jere. Gero ya bushe a tsaye, gyaɗa ba ta yi ba, shanu suna faɗuwa a hanyar mashaya. Kada ka ce ban sani ba. Na sani sarai, ni nake koyar da shi! Na zana taswira a allo, na ja kibiyoyi na nuna yadda iskar da ke kawo ruwa ta kasa isowa, na gwada farin da na wata ƙasa, na ba da aikin gida. Daga nan in koma gidan malamai in ci shinkafa, in sha shayi da madarar gwangwani. Fari a wurina darasi ne na ranar Talata.

Muka isa Gwaram a motar makaranta, aka sauke mu a wata firamare. Kwana biyu muna hawa duwatsu, muna leƙa rijiyoyin da guga ke daɗewa kafin ya taɓa ruwa. Akwai abubuwan da na gani da idona amma ban gan su ba. Na ga Inna Tabawa in za ta auna dawa sai ta shimfiɗa zani a ƙasa, in ta gama ta durƙusa ta tsince ƙwayar da ta zube ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, tsufa ke nan. Na ga yaran da zarar an zuba musu tuwo sai su ɗauki kwanukansu su zagaya bayan aji, jim kaɗan su dawo da kwano wayam. Har na rubuta a rahotona cewa iskar ƙauye ta buɗe wa ɗalibai ciki.

Rana ta uku, ranar majigi. Da yake dole mu kama hanya kafin magariba, da rana za a haska, don haka ana bukatar wuri mai duhu. Mai Gari ya ce a buɗe mana siton gyaɗa. Ya raka mu da kansa, dattijo mai natsuwa, aka ture ƙofar ƙarfe. Wani makeken ɗaki, ba taga, tsakar rana amma ciki kamar rijiya. Na shiga ina tafa hannu ina jin amsa-kuwwa.

Na ce, "Madalla! Ranka ya daɗe, ko a can Jidda ban ga zaure irin wannan ba. Ga faɗi, kuma babu ko buhu ɗaya da zai tare mana!"

Mai Gari ya dube ni ya ce, "Babu kam, Malam."

Ko wannan bai farkar da ni ba.

Bayan azahar aka taru. Ɗalibai a gaba kan tabarmi, Mai Gari a kujera da dattawansa, mutanen gari cike a baya, Inna Tabawa da wasu tsofaffin mata a gefe kusa da ƙofa. Malam Haladu ya kafa farin ƙyalle, ya tada janareta a waje, ya zarga zaren fim a injin. A al'adar majigi akwai mai bayani, wanda ke riƙe makirufo yana gaya wa jama'a abin da ke faruwa. Malam Haladu ne ya saba yi, amma na karɓe, don wa ya san fim ɗin kamata? Lasifika biyu ne. Ɗaya a ciki, ɗaya a kan Landiroba a waje saboda waɗanda ba su sami shiga ba, kuma bakinta kasuwa yake kallo.

Aka ja ƙofa, haske ya hau ƙyalle. Labarin ba shi da wuya: biki ake yi a wani babban otal, ga kuku mai rawar jiki yana shirya teburin ango da amarya. Aka fara fito da abinci. Gasassun kaji a jere, burodi tuli, madara a manyan moɗaye, kwandunan ƙwai, buhun fulawa a jingine, ga wani kek mai hawa-hawa da ya kai tsawon yaro. Sai na ji siton ya yi wani irin shiru. Na ɗauka sha'awa ce.

Na ce a makirufo, "Jama'a, kowa ya riƙe cikinsa, an zo wurin!"

Kuku ya taka man shanu, santsi ya kwashe shi, farantin da ke hannunsa ya tashi sama ya kife a fuskar uban ango. Uban ango ya share ido, ya damƙi kek ya jefa, kuku ya sunkuya, ya sami wata mata. Matar ta jawo kwandon ƙwai. Shi ke nan, wuri ya rikice. Ƙwai na fashewa a bango, madara na malala a ƙasa, ana dukan juna da gasasshiyar kaza, wani ya farke buhun fulawa ya juye wa amarya a ka, ana tattaka burodi ana zamewa.

Ni kuwa tuni na tafi. Bayanin ma ya gagara. Dariya ta kama ni tun daga cibiya, na dafe gwiwa, na rufe ido, hawaye na zuba, ina buga ƙafa, ina shessheƙa kamar jaki ya hango ɗan'uwansa, kuma duk wannan makirufo na manne da bakina. Daga baya aka gaya mini a kasuwa mutane sun bar ciniki sun tsaya, wata mai nono ta tambaya ko wani aka yi wa rasuwa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san da na buɗe ido don in ga yadda suke faɗowa kamar na Kumasi, sai hasken injin ya nuna mini fuskoki.

Babu mai dariya. Ko murmushi babu.

Mai Gari ya ja amawali ya rufe baki. Wani dattijo a gefensa, duk ƙwan da ya fashe sai ya ce, "Subhanallahi." Ɗalibaina, samarin nan da na yi wa alkawari, wasu sun sunkuyar da kai, wasu suna kallon ƙyallen kamar ana yanka musu akuya a gabansu ba da izininsu ba. Dariyata ba ta tsaya farat ɗaya ba, da ya fi sauƙi. Mutuwa ta riƙa yi a hankali, tana tari, kamar babur da mai ya ƙare masa, kuma lasifika ta kai kowane tari har kasuwa.

Sai muryar Inna Tabawa ta tsaga duhun. "Malam! In sun gama, wa zai kwashe?"

Na ce, "Inna, ai wasa ne."

"Na ga wasa ne. Cewa na yi wa zai kwashe? Ko kaji babu a garin nasu da za a zuba wa?"

Dattijon nan mai subhanallahi ya ce, "Malam, wai ƙwan nan na gaske ne?"

Da na ce na roba ne, da Allah kaɗai ya san ƙaryata. Amma bakina ya saba. Na ce, "Na gaske ne, Baba. Ai a can..." Sai na ji kalmar da kunnena, ta fito ta lasifika, ta bugi bangon siton da babu ko buhu ɗaya a cikinsa, ta dawo mini. Na kasa ƙarasawa.

Dattijon ya ce, "Allah ya shirye su."

Duk siton ya amsa, "Amin." Abu ɗaya ke nan da na samu suka yi baki ɗaya.

A nan ne idona ya faɗa kan Sale. Yana zaune a bakin tabarma, ga kwanonsa na makaranta a gefe, an rufe da faifai an ɗaure da hankici. Tuwon ranarsa ne bai ci ba. Ƙanin babansa ya tako a ƙasa daga Kwandiko don ya gan shi, yana can baya a tsaye, shi zai tafi da kwanon gida. Na duba tabarmin sosai, sai na ga ba kwano ɗaya ba ne. Ashe ba ci suke zuwa yi a bayan aji ba, bayarwa suke yi. Sai rahotona ya faɗo mini a rai, iskar ƙauye ta buɗe wa ɗalibai ciki. Wallahi da ƙasan siton ya tsage da na yi godiya na shige.

Na matsa kusa da Malam Haladu na yi masa raɗa, "Don girman Allah kashe, na shiga uku." Na manta makirufo na hannuna. Kasuwa ma ta ji na shiga uku.

Malam Haladu bai ko dube ni ba. Ya ce, "In na kashe a nan, da wannan za su koma gida." Ya miƙa hannu ya murɗa wani ɗan maɓalli a jikin injin da ban taɓa lura da shi ba. Hoton ya tsaya cak. Kiɗan ya ɗauke. Sai komai ya fara tafiya da baya.

Wani ƙwai da ya fashe a bango ya tattara kansa, ya hau cikin ɓawonsa, ɓawon ya haɗe, ya tashi ya faɗa hannun matar nan, ita kuma ta ajiye shi a kwando a hankali kamar mai tsoron ya fashe. Sai wani, sai wani. Madarar da ta malale ta miƙe tsaye daga ƙasa ta koma moɗa. Fulawar da ke kan amarya ta tashi kamar hayaƙi ta shige buhu, buhun ya ɗinke kansa. Kaza ta bar kan wani mai sanƙo ta sauka a faranti ta gyara kwanciya. Mutane suna ta goge fuskar juna da hannu, duk inda hannu ya wuce sai ga kek ya dawo cikakke.

Inna Tabawa ta miƙe tsaye. "Yauwa! Kwashe, ɗan nan, kwashe! Ga wani can a ƙarƙashin tebur!"

Kamar ya ji ta, burodin da ke ƙarƙashin tebur ya yi tsalle ya hau.

Mai Gari ne ya fara. Wata 'yar dariya ta kufce masa ta cikin amawali, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi. Sai siton ya fashe. Malam Haladu ya zare makirufo daga hannuna ba tare da ya nemi izini ba, ya ce da muryarsa ta majigi, "Jama'a, an gaya musu Inna Tabawa na bakin ƙofa da muciya!" Da uban ango ya koma kujerarsa da baya, fuska tas, sai ya ce, "Wannan ya tuna surukarsa na kallo." Samari suka riƙa birgima a tabarma. Dattijon subhanallahi ya koma alhamdu lillahi, kowane ƙwai da nasa. Sale, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya kwanta rigingine yana dukan ƙasa, amma hannu ɗaya na dafe da kwano kada a ture. Da tebur ya koma cike kamar yadda aka shirya shi, ba a taɓa ko loma ba, sai aka ɗauki tafi da guɗa.

Na ga dariyar Kumasi, na ga ta Kartum. Ba su kama ƙafar wannan ba. (Wannan gwadawar kam a zuci na yi ta.)

Aka ce a sake. To, kafin a dawo da baya dole a tafi gaba. Sai Malam Haladu ya cire hularsa ya rufe idon injin, ya bar zaren ya wuce a duhu har ƙarshen ɓarnar, sannan ya ɗauke hula ya murɗa maɓalli. Sau uku aka yi haka. Ba wanda ya sake ganin an jefa ƙwai a Gwaram, sai dai mayarwa.

Bayan la'asar, ana ɗaure kaya, na gyara malafata na tunkari su Sale kamar ba abin da ya faru. Na ce, "To, kun dai yi dariya."

"Mun yi, Malam."

"Har da hawaye."

"Har da hawaye. Amma tunda tukwanen Inna ne, sai a tambayi Inna."

Aka kira ta. Ta zo tana goge hannu a zani. Ta ce, "Malam, fim ɗin da ka zaɓo, gaba yake tafiya ko baya?"

"Gaba."

"To a gaban, wa ya yi dariya?"

Na hau gyaran malafa.

"Ban ji ba."

"Ni."

"Ga soso, ga toka."

Na waiwaya wajen Mai Gari, ko zai ce a bar malami da girmansa. Ya ce, "Ni ban ji lokacin da aka yi alkawarin ba, Malam. Dariyar dai na ji."

Haka na cire malafa, na naɗe hannun riga, na durƙusa gaban tukunyar tuwo, 'yan aji biyar sun kewaye ni. Na ce bari in yi sauri in gama da abin kunyar nan. Na ɗaga bokitin ruwa zan antaya, sai na ji an cafke mini wuyan hannu. Ban san tsohuwa na da ƙarfi haka ba.

"Kai! Haka ake yi a can?"

Na leƙa tukunyar. Ƙanzo ne manne a gindinta, mai kauri. Ni da na gama kunyar zubar da abinci a ƙyalle, ga ni zan zubar da na gaske. Ta miƙo mini cokali da ƙwarya ta ce, "Kankare tukuna. A hankali, kada ka bar gefe. In ka gama, ruwan ɗaurayar farko na awaki ne, ba na ƙasa ba."

Na yi ta kankara. Wannan karon ma ba wanda ya yi dariya, kuma ya fi na farko ciwo. Can sai Sale ya durƙusa ya jawo ɗaya tukunyar, wani ya kawo masa cokali. Muka cika ƙwarya. Inna ta miƙa wa wata mata da ke tsaye da goyo, amma ta ɓalli ɗan guntu ta ba ni ta ce in ci ladan aikina. Na tauna. Nan take na tuna wani abu mai kama da shi da ake yi a Kartum, maganar har ta hau harshena, na haɗiye ta tare da ƙanzon.

Inna ta ce, "Yaya?"

"Da daɗi, Inna."

"A can ma akwai?"

Sai a lokacin yaran suka yi mini dariya, ni ma na taya su, ba makirufo.

A hanyar komawa ban shiga motar makaranta ba, Landiroba na bi. Da muka yi nisa na ce, "Malam Haladu, yaya aka yi ka san za su yi dariya in an mayar?"

Ya ce, "Ban sani ba, Malam, gwadawa na yi. Amma ka ga kai in ana majigi ƙyalle kake kallo. Ni na gaji da ƙyalle tun da daɗewa, mutane nake kallo." Ya ɓanto goro ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu.

Sale ya ci jarrabawarsa. Shekarun baya mun haɗu a wani ɗaurin aure, kansa ya yi fari fat, ya durƙusa ya gaida ni, sannan ya ce, "Malam, yaya mutanen can?" Na ce suna nan suna kwashewa.

Yanzu in jikokina suka kawo mini waya suka ce in zaɓa musu abin kallo, sai in ce su je su tambayi kakarsu. Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba, amma na biya shi da tukunya guda: kafin ka zaɓa wa mutane abin dariya, leƙa kwanonsu tukuna. In kuwa girman kai ya hana ka, to ka tabbata akwai wani Malam Haladu a kusa, kuma don Allah ka nisanta bakinka da makirufo.